Muhawara: Me binciken farfesan gaɓɓan dawaki ya tsinana wa san huɗarmu?

Aminu Ɗalibi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Malaminmu na fiɗa a Zariya ya sa mu karanta tarihin aikin wani mutum, na raba dare a kai, na ce sai na kawo muku tunda yawancinmu a zauren nan da dabba muke kwana muke tashi. Sunansa Farfesa Wayne McIlwraith, haifaffen Niyuzilan, amma a Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka ya yi yawancin aikinsa. Yana cikin na farko-farkon da suka kafa aikin leƙa gaɓar doki da 'yar kyamara: a huda ƙaramin rami, a zura ta, a ga ɓallin ƙashin da ya karye a ciki, a ciro shi ba tare da an tsaga gaɓar gaba ɗaya ba. Littafinsa kan wannan aiki ya fara fitowa a 1984, wani kuma kan cututtukan gaɓɓan doki a 1996. An ambaci takardunsa sau dubbai, har a 2019 aka buɗe cibiyar bincike da sunansa a jami'ar. Ni dai in Allah ya nufa, wannan fannin nake so in bi.

Shugaban Zaure: Wa alaikumus salam. Allah ya cika maka burinka, Aminu.

Baffa Idi Mai Garma: Amin. Yarona ne ke rubuta mini. Aminu, ina da tambaya, kuma ba don in sage maka gwiwa ba. Sana na hagu wata uku ke nan yana ɗingishi. Tun lokacin da muke kai taki gona a amalanke abin ya fara. Da asuba in zai tashi sai ya yi kamar ƙafar ba tasa ba ce, in ya ɗan taka sai ta saki, da yamma in ya yi aiki kuma ta dawo. Gwiwar baya ta kumbura, kumburin da tauri kamar dutse. Sau uku wani mai magani a kasuwa ya yi masa allura, kowane karo ya yi kwana huɗu garau, sannan ya koma fiye da da. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. To wannan farfesan naka, da ambatonsa dubbai, me ya tsinana wa san nan?

Aminu Ɗalibi: Baffa, shi a kan dawakin tsere ya yi yawancin aikinsa.

Baffa Idi Mai Garma: To ka ji. Dokin masu kuɗi.

Likita Hauwa: Baffa, ku yi haƙuri in shigo. Sannu da jinya. Ban ga san ba, don haka ba zan yanke hukunci ta waya ba, amma yadda kuka kwatanta, tauri da safe, sakewa bayan tafiya, kumburi mai tauri, ya yi kama da amosanin gaɓa, wanda mutane ke cewa sanyin ƙashi. Bari in faɗi abin da ke faruwa a ciki.

Duk wanda zai je mahauta ranar kasuwa, ya roƙi mahauci ya nuna masa kan ƙashin gwiwar ɗan rago matashi. Zai ga wani farin abu ya lulluɓe kan ƙashin, sumul, yana sheƙi kamar tangaran, da ɗan ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa. Farin nan shi ne guringuntsi, ruwan kuma shi ne man gaɓar. Sai ya nemi na tsohon sa da ya sha amalanke. Sau da yawa zai tarar farin ya dushe ya yi ruwan ɗorawa, ya yi kaushi, wani wurin har ya cinye ƙashi na gugar ƙashi, gefen gaɓar kuma ƙashi ya tsiro ƙulu-ƙulu. Wannan tsiron shi ne taurin da hannu ke ji daga waje.

Guringuntsi ba shi da jijiyar jini, daga ruwan gaɓar yake samun abincinsa. Shi ya sa in ya lalace ba ya komawa yadda yake. Tun 1743 wani likita a Landan mai suna William Hunter ya rubuta haka, kuma har yau ba a sami maganin da ke mayar da shi sabo ba, a mutum ko a dabba. Abin da ake iyawa shi ne rage zafi da rage saurin lalacewar.

Baffa Idi Mai Garma: Likita, Allah ya saka. Wato shekara kusan ɗari uku ana bincike ba a sami magani ba. To ina amfanin?

Malam Lawan Lakcara: Baffa, tambayarku ta fi ta ɗalibai da yawa nauyi, kuma mu ma masu koyarwa tana damunmu. Bari in faɗa muku yadda ake auna mai bincike a duniyarmu. In ka wallafa takarda, wani ya zo ya dogara da ita a tasa, an ambace ka sau ɗaya ke nan. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziks a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin da ake kira lambar h. In lambarka 20 ce, kana da takardu 20 da kowacce aka ambata aƙalla sau 20. Kowa na iya buɗe shafin intanet na Google Scholar ya ga ta masu bincike da yawa. Da irin wannan lissafin ake ƙarin girma, da shi ake ba da kuɗin bincike.

Lambar ba ta san ko jaki ɗaya ya daina ɗingishi ba. Su kansu masu bincike sun ga haka, shi ya sa a 2012 wasu suka haɗu a San Faransisko suka fitar da sanarwa cewa a daina auna mutum da girman sunan mujallar da ya wallafa a ciki. Amma ban yarda a ce lambar banza ce ba. Sawu ce. In ka ga sawu da yawa sun bi hanya ɗaya, akwai rijiya a gaba. Sai dai sawun ba shi ne ruwan ba.

Sale Mai Kemis: Ni fa ina jin ana zagaye ana nufin mu masu sayar da magani. A fito fili.

Shugaban Zaure: Ba wanda ya kama sunanka, Sale. Baffa ya ce wani mai magani a kasuwa.

Sale Mai Kemis: Na sani, ba ni na yi wa san Baffa allura ba. Amma na san abin da aka yi masa, deksa ce, watakila an haɗa da diklofenak. Ku sa kanku a matsayinmu. Mutum ya zo maka da dabba tana ɗingishi, jibi zai yi huɗa, likita mafi kusa sai an hau mota. In ka ce masa ya hutar da ita wata guda, ya tashi ya koma teburin gaba a yi masa allurar. Kai ka rasa ciniki, dabbar kuma ba ta tsira ba. Kuma allurar tana aiki, kowa na gani da idonsa.

Likita Hauwa: Yaya Sale, gaskiya ka faɗa game da matsin da kuke ciki, ni ma na san nisan da ke tsakanina da ƙauyukan da nake dubawa. Amma a daidai nan ne aikin mutumin da Aminu ya kawo ya shigo gidan Baffa.

Deksa tana cikin dangin magungunan da ke kashe kumburi da ƙarfi. Shekaru da yawa likitocin dawaki suna gardama: wasu na cewa allurar dangin nan a cikin gaɓa tana cinye guringuntsi, wasu na cewa ƙarya ne. A Kolorado, McIlwraith da abokin aikinsa David Frisbie suka ce a gwada. Sukan yi ɗan ɓallin ƙashi iri ɗaya a gwiwar gaban dawaki, su sa su gudu a kan inji daidai da juna, wasu a ba su maganin, wasu a ba su ruwan gishiri kawai, daga baya a duba gaɓar. A ƙarshen shekarun 1990 suka nuna cewa magungunan ba ɗaya ba ne: metilfirednisolon ya cutar da guringuntsi, tiramsinolon kuma ya nuna amfani. Wannan ya sauya abin da likitoci da yawa ke zuƙa a sirinji.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Su a cikin gaɓar doki suka yi allurarsu, ta kasuwa kuwa a tsoka ake yi wa sa, ba abu ɗaya ba ne. Darasin da ya shafe mu shi ne dabba na iya daina ɗingishi alhali gaɓar na ci gaba da lalacewa. Zafin nan shi ke hana sa taka ƙafar da ƙarfi. In ka ɗauke zafin ka ɗaura masa karkiya, ya ja garma a kan gaɓar da ba ta da kariya. Kwana huɗun da Baffa ya ga sauƙi, ina tsoron a cikinsu aka fi yi wa gaɓar ɓarna. Ban da haka, deksa na rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta, kuma tana sa saniya mai tsohon ciki ta yi ɓari.

Sale Mai Kemis: Na ɓari na sani, ba na ba mai ciki. Na gwajin dawakin ne ban taɓa ji ba. Wa ya taɓa zaunar da mu ya faɗa mana da Hausa?

Malam Lawan Lakcara: Babu. Kuma wannan laifinmu ne mu masu karanta takardun. Tunda ka ambaci diklofenak, ga wani bincike da ya kamata kowane mai kemis ya sani. A Indiya da Pakistan ungulaye sun riƙa mutuwa har wasu nau'o'in suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari. A 2004 aka gano dalili: suna cin mushen shanun da aka yi wa diklofenak, ƙodarsu ta lalace. Indiya ta hana amfani da shi a dabbobi a 2006, aka koma meloksikam wanda gwaji ya nuna ba ya kashe su. Takarda ɗaya ta sauya dokar ƙasa. In ana neman misalin tasirin bincike, ga shi nan.

Habu Ɗan Barga: Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma shekara 18 ina barga. Baffa ya ce dokin masu kuɗi, to ni da dokin nake kwana, kuma ciwonsa ba ruwansa da kuɗin maigida. Washegarin hawan Sallah in na shiga barga da asuba, kafin in zuba harawa sai na bi ƙafafu da hannu. Dokin da ya yi jahi a kan kwalta, aka sake shi da gudu aka ja linzami ya tsaya cak, za ka ji gaɓar da ke saman kofato ta yi ɗumi, ta cika kamar an hura mata iska, in ka danna yatsa ta lotsa. Tsohon da ya koya mini aiki yakan kai irin wannan doki rafi ya tsayar da shi a ruwa. In abin ya daɗe ya yi tauri, sai a yi masa lalas da ƙarfe mai zafi. Likita, wanne ne daidai a ciki?

Likita Hauwa: Malam Habu, hannunka na asuba ya fi na'ura da yawa amfani, kada ka daina. Ruwan sanyi daidai ne a kwanakin farko, tsohon ya san aikinsa. Doki na ɗaukar kusan kashi 60 na nauyinsa a ƙafafun gaba, shi ya sa tsayawa cak a ƙasa mai tauri ke dukan gaɓɓan nan. Lalas kuwa Turawa ma sun daɗe suna yi, daga baya yawancin likitoci suka bari, don ba a ga shaidar cewa wutar na gyara gaɓa ba. Dokin da aka ƙona dole a hutar da shi makonni, hutun ne ke kawo sauƙin, wutar ta karɓi yabo. Ka ba shi hutun ba tare da ƙuna ba. Kuma a riƙa gyara kofato duk bayan mako shida zuwa takwas, don kofaton da ya yi tsawo ya karkace yana murɗa duk gaɓar da ke samansa.

Habu Ɗan Barga: Lalas ɗin zai yi wuya manya su bari, amma zan gwada a kan ɗaya.

Aminu Ɗalibi: Baffa, akwai wani abu da zai ba ku mamaki. Allurar man gaɓa da ake yi wa tsofaffi a gwiwa a manyan asibitoci, a dawakin tsere aka gwada ta wajen 1970 kafin ta yaɗu a mutane. Haka a 1973 wasu masu bincike biyu, Pond da Nuki, suka nuna yadda amosanin gaɓa ke farawa a kare in jijiyar cikin gwiwa ta tsinke, kuma likitocin mutane sun daɗe suna koyo daga wannan. Dokin masu kuɗi ya yi wa gwiwar talaka aiki.

Baffa Idi Mai Garma: Gwiwar talakan da ya iya kai kansa babban asibiti. Aminu, ni ban ce mutumin bai yi aiki ba, na ji bayanin Likita kuma ya shige ni. Abin da nake cewa, shi ya duba dabbar garinsu ne. A Kolorado doki ne dukiya, ya tsaya a kan doki har duniya ta san shi. Kai kuma kana so ka bar san ubanka ka je ka koyi leƙa gwiwar doki da kyamara. In ka dawo, nawa ne a Jigawa za su iya biyan kuɗin kyamarar?

Malam Lawan Lakcara: Aminu, ka saurari Baffa da kyau. Ka je Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, ka tsaya a kara da littafi. Shanun aiki nawa ke ɗingishi, wace ƙafa, wace gaɓa, a shekara nawa aka fara ɗaura musu karkiya, wane irin kaya suke ja. Ka yi wa jakai haka. Jaki yanzu ba abin wasa ba ne, cinikin fatarsa ya sa ya yi tsada har Tarayyar Afirka ta amince a 2024 da hana yanka shi don fata. Wanda jakinsa ya gurgunce ba lallai ya iya sayen wani ba. Wannan aikin ba ya buƙatar kyamara, ido ne da hannu da haƙuri.

Aminu Ɗalibi: Malam, da girmamawa, ku da kanku kuka ce da ambato ake ƙarin girma. Takarda kan shanun huɗa a Jigawa wa zai ambace ta? Manyan mujallu ba su damu da ita ba. Ba na so in ƙare ina da ilimin da ba wanda ya san da shi. Kuma in duk muka ce kayan zamani sun fi ƙarfinmu, yaushe za mu same su? Dawakin Kano da Katsina da Zazzau ma dabbobinmu ne, akwai na folo, akwai na sukuwa.

Malam Lawan Lakcara: Ba zan yi maka ƙarya ba, ambaton zai yi kaɗan da farko. Amma akwai miliyoyin mutane daga nan har Habasha da Indiya da ke noma da dabba, kuma masu bincike a can suna neman abin dogara. Wanda ya fara auna abu da kyau, duk mai zuwa baya da shi zai fara.

Likita Hauwa: Ni ban ga dalilin raba su ba. Ka je ka koyi fiɗar, muna buƙatar wanda ya iya. Amma abin da ya sa aka yarda da mutumin nan shi ne tsarin gwajinsa: rukuni biyu, a ba wannan a hana wancan, a auna da ma'auni ɗaya. Ana iya yin haka a Gumel. Shanu ashirin a gyara musu kofato kafin damina, ashirin a bar su yadda aka saba, a ga su wa suka kai kaka ba ɗingishi. Likitocin dawaki a Amurka na da ma'aunin ɗingishi daga 0 zuwa 5, sai a yi irinsa da Hausa wanda Malam Habu da Yaya Sale za su iya amfani da shi.

Ardo Buba: Likita, nawa shanun ba sa aiki, amma biyu na da kumburi a gwiwar gaba, mai laushi kamar salka. Ba sa ɗingishi sosai. In sa a huda?

Likita Hauwa: Ardo, don Allah kada a huda. Wannan daban ne da na Baffa. Kumburi mai ruwa a gwiwa na iya zama alamar bakkale, musamman in an taɓa yin ɓari a garken, kuma cutar na kama mutum ta ruwan kumburin da ta ɗanyen nono. A riƙa tafasa madara, a bari in ɗebi jini a gwada. Akwai wadda ta yi ɓari?

Ardo Buba: Ɗaya, bara da kaka.

Likita Hauwa: To zan biyo ta rugarku in na fito daga wajen Baffa ranar Talata.

Baffa Idi Mai Garma: Jama'a, Likita ta zo yau Talata, Allah ya yi mata albarka. Ta sa yaro ya ja san ya tafi ya dawo a ƙasa mai tauri tana kallo daga baya. Sannan muka kayar da shi ta duba ƙafar. Ashe kofaton waje ya yi tsawo ya lanƙwashe kamar lauje, ni kullum ina ganinsa ban taɓa kawo shi a raina ba. Ta yanke ta daidaita. Ta ce gaɓar ta riga ta taɓu, ba za ta koma kamar da ba. Ta rubuta magani na 'yan kwanaki, ta ce a zuba masa yashi a turke, a riƙa ɗan zagayawa da shi safe da yamma, amma ba garma ba amalanke. Ta kuma ce in na yanke shawarar kiwata shi in sayar, kada ya je hannun mahauci sai kwanakin da ta rubuta sun cika, don maganin ya fita daga naman.

Sale Mai Kemis: Likita, ki rubuto mana wannan na kwanakin jira da na masu ciki, kowane magani da nasa, in manna a shago.

Likita Hauwa: Zan rubuta, Malam Lawan ya duba mini Hausar.

Aminu Ɗalibi: Baffa, in kun yarda, in na zo hutu ina so in ga san, in ɗauki hoton ƙafar. Ban janye maganar fiɗa ba, amma zan fara littafin da shi.

Baffa Idi Mai Garma: Ka zo, yana nan a turke. Yanzu abin da ke gabana, na dama lafiyarsa ƙalau amma ba shi da abokin karkiya, kuma an yi yayyafi jiya a Garki. Duk wanda ya san mai sa ɗaya da ya iya garma, mu haɗa mu yi gonarsa mu yi tawa, ya yi wa yarona magana.

Habu Ɗan Barga: Akwai wani maƙwabcin ƙanena da nasa ɗaya ya mutu da rani. Zan tambaye shi bayan magariba.